Ku Zo da Rani

Sabon Gari, Maraɗi
29 ga watan shida

Zuwa ga ƙanena Idirisa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan kai da Baba Babba da Inna da duk mutanen gida kuna lafiya. Mu nan lafiya lau, sai dai ƙafar Baba da ke ɗan taɓa shi in ya yini a gona.

Muryata kaɗai ka ji a waya, to bari in gaya maka ko ni wace ce. Ni ce Tsahara, ɗiyar Maman Lawali na Tibiri, ina koyarwa a lakwal nan Sabon Gari. Mahaifina da mahaifinka Baba Chaibu 'ya'yan wa da ƙane ne. Gida ɗaya suka tashi, akushi ɗaya suka ci, har ranar da Baba Chaibu ya bi motar kaya zuwa Kwatano ya samu aikin dafa abinci a jirgin ruwa. Shekara arba'in da ɗaya ke nan. An ce na girme ka, saboda haka Yaya za ka riƙa ce mini, kada in ji wani "kuzin".

Allah Ya saka wa Alhaji Gado, maƙwabcinmu, shi ya dawo daga Makka da lambarka a aljihu. Amma ka ga yadda wayar ta kasance. Kunnen Baba ya yi nauyi, yana ta "Iye? Iye?", layi na yankewa, tsofaffi biyu suna ta kiran sunan juna ba wanda ya ji wani. Shi ya sa na koma takarda. Zan riƙa rubutawa in ɗauki hotonta in turo maka, kai ma in ka samu rezon waya ka yi haka, kowa ya karanta wa tsohonsa a tsanake.

Ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Baba yana so ya zo. Tun da ya ji muryar wansa bai sake zama daidai ba. Ya ciro fasfonsa na Hajji daga ƙasan akwati, kullum sai ya sa na duba masa ko bai mutu ba. Ni zan raka shi. Amma mutum ne da babban ruwan da ya sani shi ne Gulbin Maraɗi, shi ma sai in ya kawo, ga shi an ce ku a tsakiyar teku kuke. Don Allah ka tambayi Baba Babba: wane lokaci ne a shekara ya fi dacewa baƙo ya zo tsibirinku?

Yayarka,
Tsahara

*

Anjuwan, Komoro
16 ga watan bakwai

Zuwa ga Yaya Tsahara,

Wa alaikumus salam. Gaisuwarki ta iso, mun amsa da murna. Inna tana gaishe ku. Allah Ya ba ƙafar Baba Lawali sauƙi.

Ki yi haƙuri da Hausata. Daga bakin mutum ɗaya na koye ta, kuma a duk tsibirin nan ni da Baba kaɗai ke yin ta. Ki kuma yi haƙuri da jinkiri. Ƙauyenmu a kan dutse yake, babu rezo, ga shi muna cikin aikin kanumfari, ana tsinka ana shanyawa a tabarmi har bakin hanya. Sai bayan sati biyu ko uku nake sauka Mutsamudu, babban garinmu.

Sau uku na karanta wa Baba takardarki. A wajen akushi ya ce in tsaya, in maimaita masa.

Yaya, akwai abin da ba mu faɗa a waya ba. Jikin Baba lafiya, amma idonsa ba lafiya. Na hagu ya tafi tun bara. Na dama yana rufewa daga gefe-gefe, yanzu kamar mai leƙe ta ramin ƙofa yake gani. Likita ya ba shi maganin ɗigawa, ya ce zai rage wa ciwon gudu amma ba zai tsayar da shi ba. Ya ce da wuya ganin ya kai tsakiyar damina mai zuwa.

Hoton Baba Lawali da kika turo na nuna masa. Ya juya wayar, ya sake juyawa, ya ce haske kawai yake gani. Abin da yake iya gani shi ne fuskar mutum in tana kusa da shi, da hantsi, a bakin ƙofa. Kuma abin da yake roƙon Allah ke nan, ya ga fuskar ƙanensa kafin a kashe masa fitila.

Na yi masa tambayarki. Ga amsarsa yadda ya faɗa: "Ka gaya musu su zo da rani, ranin nan na bana. Kada su yarda damina mai zuwa ta riske su. Da damina tekun nan ba ta da mutunci, guguwa tana tsayar da jirage, mutum sai ya yi sati yana kallon ruwa. Da rani kuwa sai ka ce tabarma aka shimfiɗa."

Muna jiran ku.

Ƙanenki,
Idirisa

*

Maraɗi
24 ga watan bakwai

Ƙanena Idirisa,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, muna fatan kuna lafiya. Allah Ya ba Baba Babba sauƙi, Ya tsare masa abin da ya rage.

Hausarka ba ta da laifi, sai dai ta tsofaffi ce. Da nake karantawa sai na ji kamar kakata ta tashi.

Na hau kabu-kabu na je Tibiri na karanta wa Baba a bakin kunne. Da na zo maganar ido sai ya miƙe tsaye, ya ce in je in yanko biye, wato tikitin tafiya, jibi mu kama hanya. Da ƙyar na zaunar da shi. Na ce haba Baba, mutanen da suka san tekunsu sun faɗi lokaci, mu da ko kwale-kwale ba mu taɓa shiga ba za mu fi su sani? A bi maganar Baba Babba, a yi komai a lokacinsa. Ya yi ta ƙunƙuni, amma ya zauna.

Saboda haka ka gaya wa Baba Babba mun ji, mun gane sarai. Da rani, in Allah Ya yarda, kuma damina mai zuwa ba za ta riske mu ba.

Nan ana ta maimai a gonar Tibiri, gero ya kai gwiwa. A Jiratawa kuma, inda Baba ke da fili a wajen noman ban ruwa, zogala ta yi kyau har ana saye tun a gona. Baba ya ce zai shanya wa wansa ita da hannunsa, da daddawa da kilishi, wai ya san shekara arba'in bai ci miyar kirki ba. Kada ka karanta wa Inna wannan layin.

Yayarka,
Tsahara

*

Mutsamudu
19 ga watan tara

Yaya Tsahara,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ina fatan kuna lafiya.

Tun ranar da takardarki ta zo Baba ya sa aka share ɗakin baƙi, Inna ta ɗinka sabon labule. Kullum da hantsi yana sa farar riga ya zauna bakin ƙofa. In ya ji mota ta tsaya a ƙasan dutse sai ya ce in leƙa.

Sau huɗu ina sauka gari ban samu komai daga gare ki ba. Wata biyu ke nan. Ramin da yake gani ta cikinsa ya ƙara tsukewa. Lokaci yana tafiya, Yaya. Wace rana za ku taso?

Idirisa

*

Maraɗi
5 ga watan goma

Idirisa,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, sai gajiya. An koma lakwal, yara saba'in da uku ne a ajina bana.

Takardarka ta zo, kuma tsakani da Allah ba ta yi mini daɗi ba. Ko "a gaida Baba" babu. Kun sa mana lokaci, mun ce to, mene ne kuma na tsaye mana a ka? Ban rubuto ba don babu sabon labari. Kuma don me za ku bar tsoho yana sa farar riga yana zaman bakin ƙofa tun yanzu? Wannan ai wahalar da shi kuke yi.

Mu nan ba zaune muke ba. Ko gero ba a gama yanka ba a Tibiri, in an gama a ɗaure a kai rumbu. Daga nan Baba ya koma Jiratawa a dasa albasa da tattasai, kuma sai ya samu wanda zai riƙe masa ban ruwa in mun tafi, don shukar nan in ta kwana uku ba ruwa ta gama. Ni kuma fasfona ban ma fara nema ba, sai na samu sarari na je Yamai. Kai kana kan dutsenka kana ƙamshin kanumfari, ba ka san yadda ake fita daga Maraɗi ba.

Lokacin da kuka sa bai wuce ba, kuma ranin ba guduwa zai yi ba. Ka kwantar da hankalinka, ka kwantar da na Baba Babba. Ka gaishe shi, ka gaida Inna.

Tsahara

*

Maraɗi
8 ga watan ɗaya

Ƙanena Idirisa,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, don mu dai ba mu sani ba. Wata uku shiru! Na turo gaisuwa sau biyar, na ga alamar an buɗe, ba amsa. In maganata ce ta ɓata maka rai ka yi haƙuri, bakina haka yake, yaran ajina ma sun sani. Amma fushi da ni daban, hana tsoho labarin wansa daban. Duk Juma'a sai Baba ya tambaye ni, ni kuma in ce lafiya lau suke, Allah Ya yafe mini.

Ga albishir. Fasfona ya fito. Na samu izinin sati uku a wajen aiki. Muhammad Auwal, mijin ƙanwata, ya yarda ya riƙe ban ruwan Jiratawa. Zogala ta bushe, daddawa tana cikin gwangwani. Sanyi ya kusa saki, saboda haka ƙarshen watan biyu, in rani ya kama sosai, za mu taso: Yamai, Adis Ababa, Moroni, daga nan ka gaya mana yadda ake ƙetarawa zuwa wajenku.

Ka ga mun cika alkawari, da sauran wata uku ko huɗu kafin damina. Yaya idon Baba Babba?

Yayarka,
Tsahara

*

Mutsamudu
21 ga watan ɗaya

Yaya Tsahara,

Wa alaikumus salam. Da rai dai muna nan.

Na karanta takardarki a tsaye a bakin kasuwa, ruwa yana dukan kwanon rumfa har ba na jin maganar na kusa da ni, sai na rasa dariya zan yi ko kuka. Wane rani? Wane alkawari? Rani ya wuce tun watan goma! Yau wata biyu da rabi muna cikin damina. Hanyar ƙauyenmu ta zabtare sau biyu. A satin jiya kwana huɗu babu jirgin da ya fita.

Kin tambayi dalilin shiruna, to ga shi. Na ce miki tsoho yana makancewa, kika amsa mini da gero da albasa da tattasai. Kika ce ranin ba guduwa zai yi ba, alhali ranar da kika rubuta haka saura sati uku ruwa ya sauko. Na ce a raina, ashe mutanen nan albasarsu ta fi musu ɗan'uwa. Waccan takardar ban karanta wa Baba duka ba, na tsallake rabi. Ni ma ƙarya na yi ta yi masa, ina cewa takardu ne suka riƙe ku.

Ranar da aka yi ruwan farko da kansa ya cire farar rigar ya ba Inna, ya ce ta ninke. Bai zagi kowa ba. Da ma ya yi zagin, da ya fi mini sauƙi.

Kin ce ba ki son a tsaya muku a ka. Na rubuta miki baƙi a kan fari, ranin nan na bana. Na gaya miki muna shanya kanumfari a bakin hanya. Ke malama ce, wa ke shanya da damina?

Idon saura kaɗan. In na tsaya a gabansa da hantsi yana ganin goshina da idanuna, in yana son ganin bakina sai ya sunkuyar da kai. Ban san ko zai kai ƙarshen watan biyu ba.

Idirisa

*

Maraɗi
23 ga watan ɗaya

Idirisa,

Assalamu alaikum. Ba na tambayar lafiya, na ji ta.

Da na fara karanta takardarka raina ya ɓaci. Na ce yaron nan ya raina mu, watan bakwai ne rani? Watan bakwai da Gulbi ke kawowa, ake tsallen kwata a Sabon Gari? Ka tambaye ni wa ke shanya da damina. To ni ma in tambaye ka, wa ke maimai da rani? Na ce maka gero ya kai gwiwa! Ranar da takardarka ta farko ta zo, a jiƙe na isa Tibiri. Ka ce rani na bana, a nan rani sai bayan an kai amfani gida. Ka ce damina mai zuwa, a nan muna tsakiyar wata, mai zuwa sai watan shida na baɗi. Da ka rubuta lambar wata ɗaya tak, Idirisa! Ɗaya tak! A saman kowace takarda kana sa kwanan wata, a cikinta ka kasa.

Na kai nan da rubutu jiya da safe aka kaɗa ƙararrawa na shiga aji. A bangon ajina akwai taswirar duniya, shekara goma sha ɗaya tana nan. Na nemo ku, ɗigo ne ƙanana a ƙasan layin da ya raba duniya biyu. Wallahi sai da na dafa tebur. Ni da bakina, duk shekara, nake koya wa yara cewa mutanen ƙasan layin nan lokutansu a juye suke da namu. Har jarrabawa nake yi musu a kai, wanda ya faɗi in ja masa kunne.

To ka ajiye maganar albasa, Baba ba shi da laifi. Shi cewa ya yi jibi mu tafi. Fasfonsa yana hannu, ni ina cikin bakans, lakwal a rufe, ba aikin fari ba na baƙi, nawa fasfon da na tashi nema sati uku ya ɗauka. Ni na zaunar da shi, da hujja, da ilimi, ina ji da kaina. Da na bar tsohon da bai taɓa shiga aji ba ya yi abin da zuciyarsa ta ce, da tun watan takwas sun ga juna.

Jiya na je Jiratawa na same shi yana buɗe wa albasa ruwa. Sai da na ɗaga murya kafin ya ji, duk maƙwabtan fili suka ji tare da shi. Ya toshe ruwan, ya wanke ƙafa, ya miƙa wa Muhammad Auwal fartanya, ya ce, "Mu je."

Na sa an matso da tafiyar. Tara ga watan biyu muna Moroni, shi ne mafi kusa da na samu. Damina ko guguwa, ko oho. Ka ɗiga masa maganin nan a kan lokaci, don Allah.

Tsahara

*

Moroni
14 ga watan biyu

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Mun iso lafiya tun ranar tara, ka sani. Baba lafiya, sai dai abinci ba ya shiga, komai da kwakwa.

Yau kwana biyar. Ƙaramin jirgin sama an ce sai iska ta faɗi. Babban jirgin ruwa yana ɗaure. Kullum da safe mu je tashar jiragen, a ce mana gobe. Na iya kalmar "gobe" da yarenku tun ban iya "sannu" ba. Ruwa kuwa ban taɓa ganin irinsa ba, ba ya zuwa ya wuce kamar namu, zama yake yi. Daddawar ta fara ɗaukar danshi, mai masauki tana ta toshe hanci.

Mun ƙetare ƙasa nawa a yini biyu, ga mu mun maƙale a bakin ƙofarku. Kai, abin nan da cin rai yake!

Baba ba ya zama a ɗaki. Yana tsayawa ƙarƙashin rumfa yana kallon teku, ya ce wai ta wane gefe Chaibu yake. Na nuna masa gabas da ka, ni ma ban tabbata ba. Har yau bai yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi duka ciwo.

Jiya wani mutum ya same mu, ya ce akwai masu kwale-kwale mai inji a wancan gefen tsibirin da ke ƙetarawa ko da iska. Baba ya ji, ban san yadda aka yi kunnen ya buɗe ba. Ya ce gobe mu tafi can. Mai masauki ta riƙe hannuna ta ce kada mu kuskura. Idirisa, sau ɗaya na hana shi, ka ga abin da ya jawo. Ba ni da bakin sake hana shi. Kai ka san ruwanku, ka gaya mini gaskiya: mu shiga?

Tsahara

*

Mutsamudu
15 ga watan biyu

Yaya Tsahara,

Wa alaikumus salam. Sannunku da wahala. Tun da kuka iso kullum ina sauka gari da ƙafa don in ji ku.

Kada ku shiga kwale-kwalen nan. Ko kusa da shi kada ku je. Babu sauran gaggawa, Yaya. Idon ya rufe tun ranar Laraba. Da hantsi ya fito bakin ƙofa ya tambayi Inna me ya sa gari bai waye ba.

Na karanta masa takardarki ta taswira, duka, ban tsallake komai ba. Ya ce in rubuta miki wannan da bakinsa:

"Tsahara ɗiyata, ki sauke kayan nan daga kanki, ba naki ba ne. Ba na Idirisa ba ne kuma, shi abin da ya ji a gida ya rubuta. Ni na ce rani. Da na zo ƙasar nan ban iya sunayen lokutansu ba, sai na ɗora musu namu. In ruwa ya ɗauke in ce rani, in ya sauko in ce damina. Shekara arba'in ina kiran watan bakwai rani, har na manta a Tibiri watan bakwai mutum yana duƙe a gona. An karanta mini maimai, an karanta mini gero ya kai gwiwa, na yi murmushi ina tuna gonarmu, ban haɗa ba. Ashe gida ya fita daga kaina ban sani ba. Wannan ya fi idon yi mini zafi.

"Abu ɗaya nake roƙo. Kada Lawali ya sani. Ya bar shukarsa, ya hau sama ya sauka, kada a ce masa ya makara da kwana biyu uku. Na san shi, ba zai yi faɗa ba, zai haɗiye ne ya tafi da shi kabari, ke ma ya riƙa kallon ki da shi. Zan zauna bakin ƙofa da hantsi, Idirisa yana gefena. In ya durƙusa zan dube shi in faɗa masa yadda ya koma. Amma fuskar da ke kaina ta saurayi ce mai shekara ashirin da biyar. Ki rubuto mini ta yanzu, kada ki rage komai, a karanta mini har in haddace."

Ni ban so ba, Yaya, na ce masa ƙarya ta ishe mu haka. Ya ce wannan ta ƙarshe ce, kuma tasa ce. Masu jirgi sun ce wataƙila ranar Talata.

Ƙanenki,
Idirisa

*

Moroni
16 ga watan biyu

Zuwa ga Baba Babba, ta hannun Idirisa,

Assalamu alaikum Baba. Ina gaishe ka gaisuwar ɗiya. Mun fasa kwale-kwale, na ce masa kai ka hana, ya ce to.

Ni ma ban so ba. Amma na gaji da fin manya sani, saboda haka ga shi. Yana zaune a gabana yanzu yana jan carbi, ya ɗauka maigidana nake wa rubutu.

Ya rame fiye da yadda ka san shi, kuma ya yi baƙi, rana ta ci shi. Gemunsa fari fat, gajere, amma girarsa har yau baƙa ce, mutane na yi masa tsiya wai shuni yake sa mata. Tsagarku ta Gobirawa tana nan, sai dai ta nutse cikin fata, ta kuncin dama ta fi fitowa. A goshinsa akwai tabon sallah, ya ɗan karkata hagu. Haƙoransa na sama biyu sun fita, na gefen dama, shi ya sa in zai yi dariya yake kai hannu baki. A ƙarƙashin idon hagu akwai tabo kamar tsawon ƙwayar wake, bel ɗin injin ban ruwa ne ya tsinke ya same shi shekara tara da suka wuce. Wannan ba ka san shi ba, ka tambaye shi inda ya samo, zai ji daɗin ba ka labari.

Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka. Hula yana tura ta baya. Ranar zai sa shuɗiyar shadda mai farin aiki a wuya, ita ya ware tun a gida, na ga ya sa an goge ta sau biyu.

In duk wannan bai haɗu a kanka ba, ka tuna Kaka Bilal da ya riƙe ku. Tsofaffin Tibiri suna cewa in Baba ya taho daga nesa har gabansu ke faɗuwa, sai ka ce shi ne ya dawo.

Ka ɗaga murya in za ka yi masa magana, ta kunnen hagu ya fi ji.

Idirisa, wannan naka ne, kada ka manta. Baba in yana kuka ba ya sauti, ko numfashinsa ba ya canzawa, hawaye ne kawai ke bin tsagar. Baba Babba ba zai ji ba. In ka ga Baba ya fara, ka matsa wa Baba Babba hannu, don ya ce masa ya share.

Ɗiyarka,
Tsahara